Yadda ake haɗa hujjojin ciwon ƙwaƙwalwa ga tsohon sojan Amurka da ke zaune a Legas

Salam 'yan uwa. Tun ranar da na yi suɓutar baki a majalisarmu ta Agege bayan isha'i na ce ma'aikatar tsofaffin sojoji ta Amurka ta amince da ciwon Yaya har an fara biyansa diyya, mutane ke ta nemana, wasu ta waya wasu har gida, kowa da nasa ɗan uwan ko surukin da ya yi soja a Amurka ya dawo gida ba yadda ya tafi ba. Toh na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya in huta da maimaici.

Yayana yana cikin waɗanda suka ci lotiri ɗin biza tun kafin a cire Najeriya daga ciki, ya tafi, ya yi 'yan buge-bugensa, a 2005 ya shiga soja, aka sa shi tuƙin manyan motocin kaya, 2007 aka tura su Iraƙi suna jigila daga Kuwait zuwa ciki cikin ayari, ya bar aiki 2010, bayan wasu shekaru ya tattaro ya dawo Legas wai zai yi kasuwancin motoci. Jikinsa lafiya ƙalau babu ko ƙwarzane. Amma mutumin da muka sani mai barkwanci ba shi ne ya dawo ba, kuma mun ɗauki shekaru muna cewa iska ce, sammu ne, zafin talauci ne, komai dai mun faɗa banda sunan abun na gaskiya.

Ma'aikatar tsofaffin sojoji ta Amurka, wadda kowa ke kira VA, tana biyan diyya duk wata ga wanda aikin soja ya jawo masa ciwo, na jiki ko na ƙwaƙwalwa, kuma zamanka a Legas bai hana ba, haka nan babu wa'adin da za a ce maka ka makara, ko shekara ashirin da barin aiki kana iya nema. Sai dai su ba ruwansu da labari mai daɗi ko hawaye, takarda suke karantawa. Abun kamar murhu ne mai dutse uku. Dutse na ɗaya, likita ya tabbatar kana da ciwon a yanzu ya kuma faɗi sunansa, ko PTSD ne wato firgicin da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali, ko ciwon damuwa, ko na fargaba. Na biyu, wani abu ya faru da kai lokacin da kake cikin kaki. Na uku, wani masani ya ɗaure na ɗaya da na biyu ya ce wannan ne ya haifi wancan. Duk takardar da za ka ɗauko ka tambayi kanka wane dutse take tallafa, in ba ta tallafa ko ɗaya ba ajiye ta, cika fayil kawai za ta yi.

Fara da kama layi

Kafin ka nemi ko takarda ɗaya, ka cike fom 21-0966. Shafi ne ɗan ƙarami da ke cewa ina da niyyar nema, shike nan. Amfaninsa shi ne daga ranar da ya isa hannunsu kana da shekara ɗaya cur ka haɗa komai ka tura, kuma in an amince za a lissafo maka kuɗin tun daga wancan lokacin ba daga ranar da ka gama haɗa takardu ba. Mu ba mu san wannan ba sai da muka ɓata wata biyar muna yawon asibiti, wata biyar na dala kenan muka bar wa iska. In kana da asusu a VA.gov, fara cike babban fom ɗin ta intanet ma yana kama maka layin. Buɗe asusun ne ke ɗan ba da wahala daga nan saboda sai an tantance ka ta Login.gov ko ID.me, toh ka tanadi fasfo, lambar Social Security ɗinka, da data mai ƙarfi ba irin ta tsakar rana a Mile 12 ba.

Takardun aiki

Uwar takardu ita ce DD214, takardar sallama. A cikinta akwai ranar shiga da ta fita, aikin da ka yi, lambobin yabo, da irin sallamar da aka yi maka, wanda shi ma yana da muhimmanci don sallamar wulaƙanci tana iya toshe hanya. Ta Yaya mun same ta a ƙasan akwatin Hajiya cikin leda tare da takardar filin gado, Allah ya so ruwan damina bai ci ta ba. Wanda tasa ta ɓata sai ya cike fom SF-180 ya tura cibiyar adana bayanan ma'aikata da ke St. Louis a jihar Missouri, ya nemi DD214 ɗin da duk fayil ɗinsa na aiki, kyauta ne ga tsohon soja.

Ka duba lambobin yabon da kyau. In akwai irin su Combat Action Badge ko Combat Infantryman Badge ko Purple Heart, toh an rage maka rabin aiki, saboda dokarsu ta ce wanda ya shiga fagen fama maganar bakinsa kaɗai tana iya tabbatar da abun da ya faru muddin ta dace da yanayin aikinsa. Wanda ba shi da ko ɗaya kuma kar ya karaya, tun 2010 suka sassauta, in abun da ya firgita ka tsoron harin abokan gaba ne ko na 'yan ta'adda, irin bam ɗin gefen hanya ko ruwan rokoki kan sansani, kuma likitan ƙwaƙwalwa na VA ko wanda suka ba kwangila ya yarda cewa wannan ya isa ya haifar da PTSD, ba sai ka kawo shaidar ranar da sa'ar ba. Akwai kuma tambayoyin lafiya da ake sa soja ya amsa in ya dawo daga fage, DD 2796 da DD 2900, a nemi kwafinsu. Na Yaya duk a'a ya cike, bacci lafiya, mafarki babu, na tambaye shi dalili ya ce kowa haka yake yi don a sake shi ya tafi hutu da wuri. Wannan ba ya kashe nema, amma dole a yi bayaninsa a cikin takardar da zai rubuta, kar a bar su su gano da kansu.

Wanda kuma ciwonsa daga cin zarafi ne a cikin bariki, duka ko lalata, wanda yawanci ba a kai ƙara, ana karɓar alamomi a madadin rahoto: neman canjin wurin aiki ba dalili, aikin da ya lalace lokaci ɗaya, fara shaye-shaye, wasiƙa ko saƙon da ya tura gida a lokacin.

Likita, a nan Legas

Nan ne muka fi shan wuya, ba don babu likitoci ba sai don kunya. Ka ce wa magidanci Bahaushe ya je asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, wanda duk ɗan Legas ya san sunan tsokanar da ake kiransa da shi, kamar ka ce masa ya tuɓe a kasuwa ne. Yaya cewa ya yi shi ba mahaukaci ba ne. Hajiya ce ta yi mana maganin abun, ta ce in hawan jini ne ai da ka je, toh wannan ma ciwo ne, ka tashi ku tafi. Bai sake magana ba.

Zaɓi akwai: asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, sashen ƙwaƙwalwa na LUTH a Idi-Araba wanda ga mutanenmu na can tafiyar ƙafa ce, LASUTH a Ikeja, ko Aro a Abeokuta ga wanda ba ya son ya haɗu da idon sani. Abun da ake so likitan ƙwaƙwalwa ne na gaske ko masanin halayyar ɗan Adam mai lasisi, ba mai kemis ba, ba likitan unguwa da zai rubuta maganin bacci ya sallame ka ba. Ka gaya wa likitan tun farko cewa VA da ma'aunin DSM-5 take aiki, wato littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke tantance ciwo da shi, don asibitocinmu da yawa da na hukumar lafiya ta duniya suka saba, amma duk ƙwararre ya san biyun, faɗa masa kawai ake yi ya rubuta sunan ciwon bisa wanda ake so.

Kuma zuwa ɗaya ba ya yi. Fayil mai ziyara takwas cikin wata goma da canjin magani da bayanin likita a kowane zuwa ya fi ƙarfin takarda ɗaya mai ƙaton hatimi da aka karɓo rana ɗaya. Duk zuwa ka ɗauki hoton kati, takardar magani, rasit, ka tura wa kanka ta imel a ranar. Na faɗi haka ne don wani ƙaramin asibitin kuɗi da muka fara zuwa shekarun baya, da muka koma neman fayil aka ce sun canza gini ba a san inda yake ba, shekara biyu na tarihi ya tafi haka nan. Akwai fom 21-4142 da ke ba VA izinin neman bayananka daga asibiti da kansu, ka cike, amma kar ka zauna jiran wasiƙa daga Amurka ta iso ofishin fayil a Legas a amsa ta, je ka da ƙafarka ka nemi rahoton likita da kwafin fayil, ka biya abun da aka ce a biya ka karɓi rasit. Sa'armu ɗaya takardun asibitinmu da Turanci suke.

Bayanin bakinsa

Fom 21-0781 shi ne inda tsohon sojan ke faɗin abun da ya faru. A sa rundunar da yake ciki a lokacin, wurin, da lokacin, a yi ƙoƙari a matse lokacin cikin wata biyu ko da ba a tuna ranar ba, don masu binciken fayil su san inda za su duba. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce lissafi da azumi. Yaya bai tuna wata ba amma ya tuna suna cikin Ramadan ne, ya sha ruwa da dabinon da wani tafinta ya ba shi a daren, muka duba kalanda muka ga azumin 2007 tsakiyar Satumba ya kama zuwa Oktoba, shike nan lokaci ya fito.

Kar a matsa masa ya rubuta a zama ɗaya. Mu sati uku muka yi, wani lokacin layi huɗu sai ya tashi ya fita, ni kuma in yi shiru in jira gobe. Kuma kar a yi rubutun da dare in ana son a yi bacci a gidan. In wurin da ke fom ɗin bai isa ba a ci gaba a 21-4138, a nan ne zai faɗi yadda rayuwarsa take yanzu, da dalilin da ya sa ya yi shekaru bai je asibiti ba, a faɗi gaskiya: kunya, tsoron a ce ya haukace, da cewa a wurinmu malam ake fara kai mutum.

Shaidun gida, wanda shi ne ƙarfinmu

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Tsohon sojan da ke zaune a can yana da tarihin asibitin VA shekara da shekaru, namu kuwa akwai rami, Yaya daga 2010 zuwa ranar da muka kai shi asibiti babu takardar likita ta kirki. Abun da ke cike wannan ramin shi ne mutanen da suka gani da idonsu, kuma mu Allah ya hore mana mutane, gida cike, maƙwabta, masallaci, majalisa, babu abun da mutum zai yi ba a gani ba. Fom 21-10210 ake amfani da shi, kowane shaida da nasa, ya sa hannu da kwanan wata da lambar waya.

Ƙa'idar ɗaya ce: shaida ba likita ba ne, kar ya ce yana da PTSD, kar ya ce yaƙi ne ya lalata shi, ya faɗi abun da ya gani kawai, yaushe, sau nawa, da yadda mutumin yake kafin ya tafi. Takardar farko da Anti matarsa ta rubuta layi uku ce, mijina ba shi da lafiya, yana da fushi, a taimaka mana don Allah. Na ce Anti wannan ai addu'a ce ba shaida ba, zauna ki ba ni labarin daren Disamban nan. Sai ta fara, yadda yaran layi suka jefa nokawut ƙofar gida wajen ƙarfe goma, kafin ta ɗago kai ya fizgo ƙaramar 'yarsu daga kan tabarma ya danne ta ƙarƙashin gado yana ihu da Turanci kowa ya kwanta, yarinyar ta fasa leɓe, shi kuma ya fi minti ashirin a ƙasa jikinsa na rawa bai san su ba, da ya dawo hayyacinsa ya shiga banɗaki ya kulle sai asuba. Ta faɗi cewa shekara shida kenan ba sa kwana gado ɗaya don ya taɓa shaƙe ta cikin bacci bai sani ba, cewa duk dare sai ya zagaya ya taɓa sakata sau uku ko huɗu, cewa bai je sunan ɗan ƙanwarsa ba bai je ɗaurin auren kowa ba tun dawowarsa. Tana faɗa tana kuka ina rubutawa. Wannan ita ce shaida.

Ni nawa na rubuta abun da na gani a mota. Muna kan titin Agege zuwa Oshodi ya hango buhun shara a gefen hanya, ya fizge sitiyari ya tsallaka layi biyu saura ƙiris danfo ya kwashe mu, kwandasta na zagi shi ko ji bai yi, gumi ya jiƙa masa riga. Gosulo kuwa ba ya iya zama ciki, in motoci suka kewaye shi ta ko'ina sai ya buɗe ƙofa ya fita ya bar ni da mota, kuma kun san Legas, wanda ba ya iya gosulo ai ba ya iya fita neman abinci.

Hajiya da Hausa ta faɗi nata, ita ce ta fi kowa sanin yadda yake kafin ya tafi, na rubuta da Hausar ta dangwala hannu, muka haɗa da fassarar Turanci wadda mai fassarar ya sa sunansa da hannunsa a ƙasa. Malamin da ya yi masa ruƙiyya ma mun je mun same shi, da farko ya yi mamaki, na ce Malam ba fatawa muke nema ba, shekarar da aka kawo shi da halin da ka gan shi kawai za ka faɗa, ya kuwa rubuta, kuma takardarsa ce ta nuna ciwon ya daɗe ba jiya aka ƙirƙiro shi don kuɗi ba. In akwai abokin aikin da suka yi fage tare a nemo shi a Facebook, nasa ya fi na kowa nauyi wajen tabbatar da abun da ya faru. Shaida huɗu ko biyar masu faɗin abubuwa daban sun isa, kar a tara ashirin duk bakinsu ɗaya kamar an yi musu hadda, kuma don Allah kar a ƙara gishiri, ƙarya a waɗannan takardun laifi ne a dokarsu, in an kama guda ɗaya sauran ma sun zube.

Aiki da littafin dare

Yawan abun da za a biya ba sunan ciwon ke sa shi ba, yadda ya hana ka aiki da zama da mutane ne. Matakan su ne kashi 0, 10, 30, 50, 70 da 100. A wajen 30 ake maganar rashin bacci mai ɗorewa, zargin mutane, firgita sau ɗaya a sati ko ƙasa da haka amma mutum na lallaɓa aikinsa. 50 firgitar ta wuce sau ɗaya a sati, mantuwa, wahalar riƙe hulɗa a gida da wurin aiki. 70 an kai ga tunanin kashe kai, fushin da ba a iya riƙewa, barin wanka da tsafta, kasa zama da kowa. 100 kuwa mutum ya fita daga aiki da mu'amala gaba ɗaya. Kuma ko ciwon biyu ne, PTSD da damuwa, yawanci mataki ɗaya ake ba su a haɗe.

Matsalarmu a nan yawancinmu ba mu da takardar albashi ko ta kora. Toh a kawo abun da ke akwai: bayanin asusun banki da ke nuna yadda ciniki ya mutu, takardar hayar shagon da aka saki, shaidar abokin kasuwanci ko shugaban 'yan kasuwar da ya raba rigima. Wanda ciwon ya hana shi aiki sam akwai fom 21-8940, in ya cika sharuɗɗan ana iya biyansa kamar mai kashi 100 ko da matakinsa bai kai ba.

Sannan a sayi littafi na makaranta a ajiye gefen gado. Anti ce ta riƙe namu, kullum layi biyu: ya kwanta ƙarfe nawa, ya farka sau nawa, ya fita ko bai fita ba, me ya tayar masa, janareton maƙwabci ne ko jirgin da ke sauka Ikeja ko ƙaurin babbaka daga mahauta. Wata uku ta yi, kuma da shi muka je wurin likita don mai ciwon shi kansa ba ya tuna rabin abun.

Takardar ɗauri

Ita ce dutse na uku, su suna ce mata nexus. Likitan da ke duba shi zai rubuta cewa ya karanta DD214 da fayil ɗin aiki da na asibiti da shaidu, ya faɗi sunan ciwon, ya kawo dalilinsa na likita, sannan ya sa wannan jimlar kamar yadda take: "at least as likely as not". Ma'anarta yiwuwar cewa aikin soja ne sanadi ta kai rabi ko fiye, kuma rabin ya wadatar don dokarsu ta ce in hujja ta yi kunnen doki tsohon soja ake ba gaskiya. In likita ya rubuta wataƙila ko mai yiwuwa, takardar ba ta da ƙarfi. Likitocinmu ba su saba da wannan salon ba, toh ka yi bayani cikin ladabi, ba wai kana koya masa aiki ba ne kuma ba cewa kake ya rubuta abun da bai yarda da shi ba, ya sa cikakken sunansa, matsayinsa da lambar lasisinsa. Wanda kuma damuwarsa daga wani ciwon da VA ta riga ta amince da shi ne, misali ciwon baya ko ƙafar da aka yanke, sai a ɗaure damuwar da wancan ciwon, wannan ma hanya ce. Maganar shaye-shaye in akwai kar a ɓoye wa likita, in ya ga ciwon ne ya tura mutum ciki zai rubuta hakan.

Daga nan sai babban fom, 21-526EZ. A yi sikanin komai tsaf, kowane shafi da sunansa da lambar fayil a sama, a ɗora ta intanet, kar a tura asalin takarda ta gidan waya. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna taimakawa kyauta, kuma a dokarsu ko lauya ba ya cajin kuɗi kan neman farko, saboda haka duk wanda ya ce maka a WhatsApp ka kawo kaso ko ka ba shi lambar sirrin asusunka zai fito maka da kashi 100, ka san da wa kake magana.

Ranar gwaji: a bar lafiya lau a gida

Bayan an tura za su kira gwajin da ake ce wa C&P, ko ido da ido wurin likitan da suka ba kwangila ko ta bidiyo. Ka tabbatar lambar wayarka mai +234 da imel ɗinka daidai suke a wurinsu, ka riƙa ɗaga baƙuwar lamba da yamma don gabashin Amurka na bayanmu da awa biyar zuwa shida, in ka rasa gwajin ba dalili za a yanke hukunci da abun da ke fayil kawai. In na bidiyo ne a cika waya da caji, a tanadi layi biyu, kar a dogara da NEPA.

Abun da ya fi ba ni tsoro a ranar ba likitan ba ne, tarbiyyarmu ce. Bahaushe ko yana kan gadon mutuwa ka ce yaya jiki zai ce da sauƙi alhamdulillahi. Likitan kuwa abun da ka faɗa zai rubuta, in ya ce yaya kake ka ce lafiya lau, ya rubuta lafiya lau. Sai da muka yi gwaji a gida, na zauna a matsayin likita na ce yaya bacci, Yaya ya ce Alhamdulillah, Anti daga kicin ta ce wane Alhamdulillah, jiya ƙarfe uku kana tsakar gida da tocila. Muka yi dariya amma daga nan ya gane. Na ce masa Yaya godiya ga Allah tana nan a zuciyarka ba wanda ya hana, amma mutumin nan tambayar aiki yake yi, ka ba shi lissafi: dare nawa a sati, awa nawa, yaushe rabonka da jam'i, yaushe rabonka da kasuwa. Ya faɗi ranakun da suka fi muni ba ranar da ya tashi da dama ba kaɗai, kar ya ƙara kar ya rage. In an tambaye shi tunanin kashe kai ya faɗi gaskiya duk da nauyin abun a addini da al'ada, faɗa wa likita neman magani ne. Kuma in abun ya taso da gaske a gida ba a jiran VA, a kira 112 ko 767 ko a wuce asibiti da shi a daren, a kwashe wuƙaƙe da magunguna daga kusa da shi.

In hukunci ya fito

Wasiƙar za ta faɗi abun da suka yarda da shi da abun da ya rage, a karanta ta layi-layi don ita ce ke nuna wane dutse ne ya gaza. In ba ka yarda da hukuncin ba, akwai shekara ɗaya daga ranar wasiƙar ka nemi a sake dubawa. In sabuwar hujja gare ka, fom 20-0995. In kana ganin kuskure aka yi da hujjar da ke nan, 20-0996, wani babba ya sake dubawa amma ba a ƙara takarda. In gaban alƙalinsu kake so, 10182, shi ne mai daɗewa.

Wasu 'yan uwa da suka yi sojan gida, ECOMOG a Laberiya da Saliyo ko Lafiya Dole da Haɗin Kai a arewa maso gabas, sun tambaye ni ko wannan ya shafe su. Lambobin fom ɗin nan na Amurka ne kawai, naku yana bi ta hukumomin soja da hukumar fanshon soja da ke Abuja, amma tara hujjar iri ɗaya ce, takardar turawa fage, katin asibitin soja irin na 68 da ke Yaba, rahoton likitan ƙwaƙwalwa, shaidar iyali, kuma wanda ke kwas ɗin shirin ritaya a Oshodi yanzu ya je a duba shi a rubuta tun yana cikin kaki, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Da an amince, sai a yi rajista da shirinsu na jinya a ƙasashen waje da fom 10-7959f-1, shi ke mayar da kuɗin likita da maganin ciwon da aka amince da shi ko a Legas aka saya, shi ya sa har yau Anti ba ta yar da rasit ko na naira ɗari biyar ne, tana da gwangwanin madara guda da take tarawa. Disamba kuma tun ranar 20 muke sa Yaya a mota zuwa gida wurin Hajiya, sai an gama harbe-harben sabuwar shekara ya dawo.